Darasi na 14: Gyaran Murfin Mawankin Fitilar Mota

Idan ka tsaya a gefen titin Hammaruwa a Jalingo da yamma, lokacin tashin ma'aikata, ka zuba ido a goshin motocin da ke wucewa, ba za ka daɗe ba sai ka ga mai giɓi. Mota lafiyayya, Mercedes ɗin nan da muke kira Marsandi, ko Lexus, ko Prado, fenti na ta sheƙi, amma a ƙarƙashin fitila ɗaya ga ɗan rami, faɗinsa bai fi kwalin ashana ba, kamar bakin yaron da ya yi famfara. Ɗaya gefen kuwa a rufe yake sumul. Abin da ya faɗi ya bar wannan giɓi shi ne murfin mawankin fitila, kuma shi za mu koyi gyarawa a yau.

Masu motocin da yawa ba su ma san abin yana motsi ba. Wani ya ɗauka ado ne, wani ya ɗauka nan ake ɗaura ƙugiyar jan mota. Na ƙugiya daban yake: galibi guda ɗaya ne a bambar gaba, kuma idan ka ɓalle shi za ka tarar da ramin ƙarfe mai zare. Na mawanki biyu ne, kowace fitila da nata a ƙarƙashinta. Wannan murfi ƙofa ce mai buɗewa da rufewa, kuma yawancin ɓarnar da ake yi wajen gyaransa daga mance hakan take tasowa.

Abin da ke bayan murfin

Ka taɓa riƙe sirinjin allura? To, ka ƙaddara an kwantar da babbansa a bayan bamba, bakinsa na kallon gaba. Shi ne makanikai ke kira nozul ɗin fitila: bututu ne a cikin bututu, da sifirin mai riƙe da na cikin a ƙunshe. Tiyo ya taso daga tankin ruwan wanke gilashi ya shiga gindinsa. A jikin tankin akwai ƙananan famfuna masu aiki da batir, na gilashi daban, na fitila daban, kuma na fitilar ya fi ƙarfi. Idan ya tashi, ƙarfin ruwa ne ke tunkuɗo bututun ciki, ya leƙo waje kamar tsawon yatsa, ya fesa wa fitila ruwa na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Famfo na tsayawa, sifirin ya ja shi ya koma maɓoyarsa.

Murfin yana maƙale a kan bututun da ke leƙowa, da 'yan kunnuwa na roba. Tare suke fita, tare suke komawa. A wasu motocin kuma murfin ƙyaure ne a jikin bamba, da ɗan sifirinsa na kansa. Nozul ya ture shi ya buɗe, in ya koma ƙyauren ya rufe.

Galibi mawankin ba ya tashi sai fitila na kunne sannan ka ja sandar ruwan gilashi. Ko a hakan ma ba kowane ja yake amsawa ba. Wasu motocin a jan farko suke fesawa, daga nan sai an yi 'yan ja kafin su sake, don kada tanki ya ƙare da wuri; wasu kuma maɓallinsa daban ne a kusa da sitiyari. Ga shi direba ba ya hango ƙasan fitilarsa daga kujera. Shi ya sa mutum zai shekara uku da mota bai taɓa ganin abin ya leƙo ba.

Me ya kai Turawa wanke fitila?

Kamfanin Saab na ƙasar Suwidin ne ya yi suna da fara sa wa fitilun mota ƙananan waifa, a 1970. A can dusar ƙanƙara da laka da gishirin da ake barbaɗawa a titi kan toshe fitila cikin ɗan lokaci. A zamanin, fuskar fitila gilashi ce. Da aka koma yin ta da roba mai ƙarfi, sai waifa ta zama matsala, domin tana karce robar. Aka koma feshi.

A 1991, shekarar da aka yanko Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, kamfanin BMW ya fito da fitilar zenon a babbar motarsa 7 Series. Ita ce fitilar nan mai farin haske da ɗan shuɗi-shuɗi. Ana auna yawan haske da wani ma'auni da ake kira lumen. Ƙwan halojin na yau da kullum, irin H7, yana ba da kimanin lumen 1,500. Ƙwan zenon mai wat 35 kuwa yana haura 3,000. Ƙa'ida ta 48 cikin ƙa'idodin ƙera motoci na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda ƙasashen Turai ke bi, ta ce fitilar ƙasa da haskenta ya wuce lumen 2,000 sai an haɗa mata mawanki.

Dalilin ba direban motar kaɗai ya shafa ba. Ya fi shafar wanda ke tahowa. An ƙera fitila ne ta yanke haskenta a wani layi, ƙasa ya haskaka, sama ya zauna duhu. Idan ƙura ta kwanta a fuskarta, kowane ɗigon ƙura sai ya watsa hasken ko'ina, har cikin idon mai zuwa. Duk wanda ya bi hanyar Zing ko ta Numan da dare a watan Janairu, hunturu ya kankama, ya ci karo da farar fitila mai datti, ya san abin da ake nufi. Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da ƙurar hunturu, muna da ƙwarin damina masu fashewa a jikin fitila, ga jar laka da hazon hanyar Gembu.

Dokar Amurka ba ta tilasta wannan mawanki ba. Saboda haka motar da ta zo daga Turai, irin wadda muke ce wa 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, ta fi zuwa da shi a kan 'yar'uwarta ta Amurka, ko da samfurinsu ɗaya. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani ranar sayen kaya.

Abin da ke karya shi a garin nan

Na farko keke. A bakin babbar kasuwa, ko a kan gadar Mayo Gwoi lokacin cunkoso, ɗan gogar da keke zai yi wa kusurwar bamba bai isa ya fasa fenti ba, amma ya isa ya tsinke kunnen roba. Na biyu rana. Zafin Maris da Afrilu a Jalingo yana gasa roba shekara bayan shekara har ta bushe, ta koma karyewa kamar busasshen kara. Na uku wurin wankin mota, inda yaro zai kafa bakin injin feshi dab da gefen murfin, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga shi. Sai yaran unguwa da suka gano abin yana jawuwa.

Akwai na biyar, wanda ya fi duka ɓuya. Nozul ɗin kansa ne ya cije. Ya fita, datti ya hana shi komawa, murfi ya tsaya a waje yana lilo, iskar gudu ta ƙarasa shi. Idan haka ne, ko murfi goma ka saya, goman za su bi hanya ɗaya. Don haka ba da gam ake fara wannan gyara ba.

Bincike tukuna

Ka cika tanki da ruwa mai tsabta. Idan murfin na nan yana reto, cire shi ka ajiye kafin gwaji, kada ruwa ya harba shi cikin kwata. Ka sami mutum ɗaya ya zauna a mota, ya tada inji, ya kunna fitilar ƙasa, ya ja sandar ruwa ya riƙe. Kai ka tsuguna daga gefe, ba a gaba ba, in ba wanka kake so ba.

Abu uku za ka lura da su. Bututu ya fito gaba ɗaya? Ruwan ya bugi fitila, ko ya zubo a ƙasa? Da famfo ya tsaya, bututun ya koma da kansa har ƙarshe? Ka kwatanta da ɗaya gefen mai lafiya, shi ne malaminka a duk aikin nan. Idan ya fito da ƙarfi ya koma tsaf, matsalarka murfi ne kawai. Idan ko ƙugin famfo ba ka ji ba, a duba fis. Idan famfo na ƙugi amma ruwa na tsiyaya ta ƙarƙashin bamba, tiyo ya fice ko nozul ya tsage.

Jawo nozul waje

Wannan ne wurin da ake yin ɓarna, don haka za mu daɗe a kansa. Kayan aikin ba su da yawa: tef ɗin takarda irin na masu fenti, ƙaramin sukundireba mai faɗin baki, tsohon katin waya ko na banki, tsumma, filaya, da ɗan guntun katako ko maƙalin shanya.

Kashe mota, ka zare makulli. Liƙa tef a kewayen ramin, ninki biyu, domin fentin bamba ya fi murfin tsada nesa ba kusa ba. Kada garin neman gira a rasa ido. Idan murfin na nan, zura katin a gefensa ka ɗaga a hankali har yatsunka su samu shiga. Idan dole sai da sukundireba, naɗe bakinsa da tsumma. Sai ka ja zuwa gabanka, miƙe, ba ƙasa ba, ba gefe ba. Za ka ji sifirin na ja da kai, wataƙila ɗan ruwa ya ɗigo. Da ka ji ya tsaya, ka tsaya. Gindin nozul a kan 'yar mariƙar roba yake a bayan bamba, kuma idan ita ce ta karye, aikin minti ashirin ya koma na wuni guda.

Idan murfi ya riga ya faɗi, nozul ya shige ciki, to ka lanƙwasa siririyar waya kamar ƙugiya ka taro wuyansa, ba ramin da ruwa ke fita ba. Ko kuma abokin aikinka ya ja sandar ruwa, kai ka cafke shi da tsumma idan ya leƙo.

Yanzu sai a hana shi komawa. Cusa guntun katako tsakanin kan nozul da bamba, ko ka dafe bututun da maƙalin shanya. Na taɓa zama a wani gareji a Sabon Gari ina kallon maigida da yaronsa suna wannan aiki. Yaron ya kama bututun da filaya tsirara. Maigidan bai ɗaga murya ba, ya ce, "Kai, sa tsumma. In ka ji masa ciwo a nan, robar ciki ba za ta ƙara riƙe ruwa ba." Yaron ya ce, "To, Oga," ya naɗe shi. Gaskiyar maigidan ce: jikin bututun nan sumul yake domin yana zamewa ta cikin zoben roba, kuma ɗan karce guda ya isa ya sa shi yoyo har abada.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto da wayarka, ta sama da ta gefe. Sannan ka ɗaga kunnuwan ɗaya bayan ɗaya da bakin sukundireba, kaɗan kawai, daidai yadda za su saki. Tsohuwar roba ba ta son a lanƙwasa ta sau biyu.

Wace irin roba ce?

Juya murfin ka duba cikinsa, in da hali da tocilar waya. Za ka ga lambobi, da harafin L ko R, da wasu haruffa a tsakanin alamu biyu masu kama da kan kibiya. Haruffan nan sunan robar ne, kuma su za su gaya maka ko gam zai kama.

Idan ka ga ABS, ko PC da ABS a haɗe, ka yi sa'a, domin wannan roba tana karɓar gam. Kada ka rikita ta da ABS na birki, suna ne kawai ya zo ɗaya. Idan ka ga PP, ko PP da EPDM, irin robar da ake yin yawancin bamba da ita, to gam na yau da kullum ba ya kama ta da kyau. Zai yi kamar ya kama, bayan kwana biyu ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Ita sai walda da zafi. POM kuwa, robar nan mai santsi da ake yin wasu maƙalai da ita, ta fi su duka taurin kai. Idan ita ce ta karye, shawarata ka nemi sabo.

In rubutun ya goge, ka kankaro ɗan ɓarɓashi daga ciki, inda babu fenti, ka jefa a kofin ruwa. PP zalla yana tasowa sama, ABS yana nutsewa. Gwajin ba ya rasa kuskure, domin akan gauraya PP da hoda ya yi nauyi, amma in ya taso, ka tabbata ba na gam ba ne.

Haɗa karaya

A wanke da sabulu, a shanya ya bushe sarai, a goge da sifirit. A murza wurin karayar da samfefa har sheƙinsa ya tafi. Wanda ya tsallake wannan mataki, ƙura ya liƙa, ba roba ba.

Kunnen murfi siriri ne, bakin karayarsa bai fi kaurin farce biyu ba, saboda haka gam shi kaɗai ba shi da wurin tsayawa. Sai an yi masa ƙashi. Yanko 'yar siririyar waya, irin ta maƙalin takarda, ka lanƙwasa ta kamar harafin U. Kama da filaya, ka gasa a wuta, ka danna ta cikin robar ta haye karayar, rabi nan rabi can. Bar ta ta huce a wurin. Sannan ka kwaɓa gam mai kwalba biyu, irin su Araldite, daidai wa daida, ka lulluɓe wayar ta bayan kunnen. Ta baya na ce, ba ta fuskar da ke kama nozul ba. In gam ya taru a can, murfi ba zai shiga ba. Ko kwali ya ce minti biyar yake kamawa, ka ba shi kwana guda kafin ka ɗora masa aiki.

Sufa gulu da bekin soda, wanda masu gyaran waya da gilashin ido suka saba da shi, yana kamawa nan take kuma yana tauri kamar dutse. Aibinsa ke nan: ba ya lanƙwasa. Yana da kyau a gindin kunne, inda ba a motsi, ba a tsakiyarsa ba. Ka kiyayi idonka da yatsunka, domin haɗin yana zafi kuma yana hayaƙi.

Robar PP kuwa, ayan ɗin soda irin na masu gyaran rediyo za ka nema. Ka yanko siririn tsinke daga tsohuwar bamba mai irin wannan rubutu, ka narka gefen karayar biyu, ka narka tsinken a kai su zama jiki ɗaya. In ka samu ɗan ragar ƙarfe irin ta taga, nutsa ta a ciki. Narkarwa ake so, ba ƙonawa ba. Da ka ga hayaƙi ya yi baƙi, zafi ya yi yawa. A waje ake wannan aiki, inda iska ke kaɗawa.

Wasu murafen gida biyu ne: fuskar waje mai fenti, da baƙar mariƙa a bayanta. Sau da yawa babu abin da ya karye, rabuwa kawai suka yi. Wahalar a nan ita ce saiti, domin in ka liƙa su a kan tebur, sai ka zo ka tarar murfi ya zauna a karkace. Dabarar ita ce a liƙa su a jikin motar. Maida mariƙar kan nozul, ka shafa basilin a leɓen ramin bamba don kada gam ya kama shi, ka ɗiga gam kaɗan a kan mariƙar, ka sake nozul ya koma a hankali, ka ɗora fuskar a raminta. Cusa 'yan yankan kwali a gefe huɗu don tazarar ta zo ɗaya, ka danne da tef, ka bar shi har gobe. Ka tabbata gam bai kusanci ramukan feshi ba.

Wajen mayarwa, tura murfin har ka ji ƙas a kowane kunne, ka ɗan ja shi ka ji ko ya kama. Zare katakon, amma ka raka nozul da hannu har ya zauna. Kada ka sake shi ya koma da ƙarfin sifirin. Shafa tafin hannunka a kan wurin, bai kamata ka ji tudu ba. Sai a sake gwajin ruwa, sau uku.

Idan murfin ya ɓace

'Yan sifeya a Jalingo ba kowane irin murfi suke ajiyewa ba. Sau da yawa sai an aika, a kawo daga Anaca ko Nnewi, ko Ladipo a Legas, ko Apo a Abuja, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Kayan da ya yi wannan tafiya kuwa mayar da shi wahala ne, don haka kada ka ce wa mai shago "murfin Marsandi" kawai. Ciro na ɗaya gefen, ka ɗauki hotonsa gaba da baya, lambar da ke ciki ta fito sosai. Haɗa da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ke kan takardun mota da gindin gilashin gaba ta gefen direba. Kamfanoni kan sauya fasalin bamba a tsakiyar rayuwar samfuri ɗaya, sai ka ga mota biyu masu suna ɗaya amma murfinsu bai shiga na juna ba. Ka kuma tuna wataƙila bambar da ke jikin motarka ba ita ce ta asali ba.

Hagu da dama ana lissafa su ne daga kujerar direba, yana kallon gaba, ba daga inda kake tsaye kana kallon motar ba. L hagu ne, gefen direba a motocinmu, R dama. Kuskuren nan kaɗai ya cinye wa mutane kuɗin mota ba adadi.

Sabon murfi yakan zo baƙi ko toka-toka, ba fenti. Lambar launin motarka tana kan 'yar takardar da ke liƙe a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a ƙarƙashin bonet. A Toyota da Lexus ka nemi inda aka rubuta C/TR, haruffa uku na farko su ne launi. Ka faɗa wa mai fenti lambar tare da sunan kamfanin, domin 040 a wurin Toyota fari ne, a wurin Mercedes kuwa baƙi. Ko da lambar ma, ranar Jalingo ta riga ta ci fentin motarka, saboda haka mai fentin kirki zai gwada a jikin bambar ya daidaita da ido. Ka roƙe shi kada ya kauraro fenti a gefuna, in ba haka ba murfi zai riƙa cijewa a raminsa.

Idan nozul ne mai laifi

Jawo shi waje, ka wanke jikin bututun da ruwa da tsohon buroshin haƙori, ka tura shi ciki da waje sau da yawa. In za ka sa masa mai, feshin silikon kawai. Baƙin mai da giris suna kumbura zoben roba, kuma suna tara ƙura. Ramukan feshi a zungure su da allura a hankali. Sannan ka duba abin da kake zubawa a tanki: ruwan rijiya mai yashi da garin sabulun wanki suna cikin abubuwan da ke haifar da wannan ciwo.

Nozul ɗin da ya tsage ko ya ƙi riƙe ruwa, sauyawa ake yi. Alamarsa ita ce tanki ya riƙa ƙarewa ba dalili, da ɗan jiƙo a ƙasa kullum da safe, domin nozul yana ƙasa da tanki, ruwa na gangarowa da kansa. A wasu motocin ana kai masa hannu ta cikin robar da ke saman taya, a wasu sai an sauke bamba. In motarka mai zenon ce, ka yi nesa da akwatin da ke gindin fitilar da wayoyinsa. Wajen tada ƙwan, wutar da yake harbawa tana kaiwa volt 20,000 ko fiye. Fitila a kashe, makulli a aljihu, in da hali a cire kan batir. In ba ka saba ba, kira riwaya.

Wanda ya ce a rufe kawai

Ni ma na taɓa cewa haka. Murfin tsohuwar motata 'yar Beljiyam ya karye, wani yaron gareji ya ce, "Alhaji, a sa masa gam kawai, wa ke wanke fitila?" Na ce a sa. Ya liƙe shi da bamba tsaf, na biya, na tafi ina murna. Bayan 'yan makonni na kama hanyar Wukari da dare, cikin damina. Da na wuce Mutum Biyu ƙwari suka yi wa gilashi kaca-kaca. Na ja sandar ruwa, fitila na kunne. Na ji wani ɗan fat daga gaba, ban kula ba. Famfo ya tura, nozul ya tarar da ƙofa a kulle, tiyo ya fice daga gindinsa, tankin ya tsiyaye a kan kwalta. Da na sake ja bayan 'yan kilomita, waifa ce kawai ke shafa ƙwari a kan busasshen gilashi. A haka na lallaɓa har Tella, na sayi fiya wata leda huɗu na wanke da hannu. Ɗan hakin da na raina ne ya tsone mini ido.

Ba laifi ba ne mutum ya haƙura da mawankin idan kuɗin sabon nozul ya fi ƙarfinsa. Amma a kashe shi da tsari. A zare fulogin famfon fitila daga jikin tanki, ko a cire fis ɗinsa bayan an duba littafin mota an tabbatar ba ya ɗauke da wani aikin. In nozul na yoyo, a toshe tiyonsa a ɗaure. Bayan haka ne za a manne murfin, da tef mai gam fuska biyu ko ɗigon silikon, abin da za a iya ɓarewa wata rana. Daga ranar, wanke fitila ya dawo wuyanka: ruwa tukuna, sannan tsumma mai laushi, domin goge busasshiyar ƙura yana dusashe robar. In kuma ka tashi sayar da motar, ka faɗa wa mai saye.

Aiki

Ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya nemi izinin mai mota ko mai gareji a unguwarsa, ya samo mota mai wannan murfi. Ku rubuta sunan motar, da lambar launinta, da inda kuka ga lambar. In an yarda ku jawo murfin, ku kwafo duk abin da ke rubuce a bayansa, ku faɗi ko na gam ne ko na walda, da dalilinku.

Sai lissafi. Kuɗaɗen nan na misali ne, ku tambayo na yau a kasuwa ku sauya su. A ce sabon murfi Naira 9,000 ne, kuɗin kawo shi 3,500, fenti 4,000. Gam da samfefa da tef kuma 3,200. Nawa mai gyara tsohon murfinsa ya rage? Idan wanda ya aika sayen sabo ya rikita hagu da dama, mai shago ya yarda ya canza masa amma shi zai biya kuɗin mayarwa da na sake kawowa, nawa murfin ya tsaya masa gaba ɗaya?

Mako mai zuwa kowa ya zo da karyayyen abu ɗaya na roba daga gida, ko murfin bokiti ne ko hannun kula, da guntuwar waya da samfefa. Filaya da ayan ɗin soda malami zai kawo.